Gudummawar Tarewa: Shin Kwanon Tsada Ya Ci Kuɗinsa?

   

Yau maganarmu a kan kwano ce. Na san wata za ta ce, kwano kuma, duk matsalolin da suka dame mu? To ai duk wadda ta taɓa kwana tana juyi don aminiyarta za ta tare ranar Asabar, ita kuwa ba ta san abin da za ta riƙa a hannu ba, ta san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A kan kwano an ci bashi, an ɓata da ƙawa, an yi rigima da maigida.

Ga yadda tambayar take. Ƙanwarki ce ko 'yar ƙawarki za ta tare a ɗakin miji. Ko kuwa aminiyarki ce, Allah ya yi wa maigidanta buɗi ya gina nasa, za su bar gidan haya. Kina son ki kai gudummawa. Dillaliya ta shigo ta sauke kaya, ta buɗe miki kwali biyu. Ɗaya saitin tangaran ne mai tsada, tana ta rantsuwa wai har jikoki sai sun ci abinci a ciki. Ɗayan kuma na araha ne, kuɗin wancan zai sayi irinsa uku har da canji. Wanne za ki ɗauka?

Amsata a taƙaice ita ce: kwano mai ƙarko ya ci kuɗinsa idan za a ci abinci a cikinsa a wannan gidan da za ki kai shi, kuma idan kuɗin daga aljihunki ya fito ba daga bashi ba. In ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya ɓace, to tsadar ta zama asara. Bari mu bi maganar daki-daki.

Da farko mu tuna dalilin da ya sa kwano yake da daraja a wajenmu. A zamanin kakanninmu, jeren amarya na ƙore ne, a kankare su fes, a yi musu zane, a jera. Maigida kuma ga akushinsa na itace. Masu hali suna da tasoshin tagulla irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. Daga baya kwanukan fenti suka shigo, da fari daga Turai, sannan daga shekarun 1960 aka riƙa yin su a nan Nijeriya, a masana'antun da 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa a Legas da Kano. Nan ne aka shiga yayin samira da fanteka da langa da kwalla, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayansu tangaran ya zo, gilashi ya zo, kuloli suka zo.

Iyayenmu ba don ado kaɗai suka tara kwanukan nan ba. Mace tana cikin gida, ba ta da gona, ba ta da asusu a banki, to kwanonta shi ne bankinta. Rashin lafiya ya taso, ta ba dillaliya fanteka biyu ta sayar. Auren 'ya ya zo, ta sauke rabin jere ta ba ta. Kuma kowa ya san kayan ɗaki na mace ne, ko zama ya yi daɗi ko bai yi ba. Saboda haka idan kika kai wa mace kwano ranar tarewa, dukiya kika ƙara mata. Shi ya sa ya kamata a yi tunani kafin a saya.

To amma akwai abin da ya kamata mu rarrabe. Tsada daban, ƙarko daban. Ƙarkon kwano yana zuwa ne daga abin da aka yi shi da shi da kuma yadda aka yi shi. Tsada kuwa takan zo daga suna, ko yayi, ko zanen fure, ko kwalin da aka sa shi, ko ma bakin mai sayarwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiya ne. Amma ba duk mai tsada ne yake kai shekara ba. Don haka bari in ɗauki kwanukan ɗaya bayan ɗaya in faɗa muku yadda ake gane na ƙwarai.

Mu fara da tangaran. Duk abin da ya yi fari yana sheƙi mukan ce masa tangaran, alhali iri-iri ne. Na ainihi ana yin sa da wata farar laka, a gasa shi a wuta mai tsananin zafi, digiri 1,200 zuwa 1,400. Ku tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Wannan wutar ita ke narkar da lakar ta haɗe kamar gilashi, ruwa ba ya shiga jikinta. Mutanen Sin ne suka fara yin sa, sun yi ɗaruruwan shekaru suna sayar wa duniya, Turawa ba su gano sirrin ba sai wajen 1710 a ƙasar Jamus. Akwai kuma na biyu, wanda wutarsa ba ta kai haka ba. Shi a ciki kamar tukunyar ƙasa yake, shafen sheƙi kawai aka yi masa a sama. Da bakinsa ya ɓantare sai ya riƙa shan ruwa da mai, ya yi baƙi, ya riƙe wari.

Ko a nan gida an san wannan bambanci. Matar nan da kuke gani a bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, maginar tukwane ce. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane ta garin Abuja na da, wato Suleja ta yau, inda aka riƙa gasa kwanuka da tuluna a babbar wuta har su yi tauri kamar dutse. Kayan da ta yi a wancan lokaci suna nan har yau a gidajen tarihi na ƙasashen waje. Kun ga ke nan, wuta ce ke ba laka ƙarko.

Ta yaya za ki gane na ainihi kina zaune a ɗakinki? Abu uku za ki yi. Ki ɗora farantin a kan yatsunki ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da cokali. Na ƙwarai zai yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawa, na banza ko mai ɓoyayyen tsagu zai yi ƙara a dakushe. Sannan ki ɗaga shi saitin rana ko ki haska tocila ta baya. Idan mara kauri ne kuma na ainihi, za ki ga inuwar yatsunki. Na uku, ki kifa shi ki dubi zoben gindinsa inda babu sheƙi, ki ɗiga ruwa. In ya tsotse ruwan, to ki san wutarsa ba ta kai ba. Amma fa ku riƙe wannan: komai kyan tangaran, in ya faɗi a kan siminti sai dai a share.

Sai gilashi. Akwai na gama-gari, wanda ruwan zafi kaɗai kan tsaga shi. Akwai wanda aka ƙarfafa da wuta, irin su Duralex da ake yi a Faransa tun 1945; shi yana jure faɗuwa fiye da na gama-gari, kuma ranar da ya fashe yakan tarwatse ne ƙanana-ƙanana, ba dogayen tsini masu yanka ba. Akwai kuma irin su Pyrex, da aka fara yi a Amurka a 1915 don jure zafin tanda. Mu yanzu duk kwanon gilashi mai murfi mukan kira shi da wannan suna, to a duba gindin, na kamfani yana da tambari a jikin gilashin kansa, ba takardar da aka manna ba. Kuma ko wane iri ne, kada a sauke shi da zafi a kan jiƙaƙƙen ƙasa, kada a ɗora shi kai tsaye a kan murhu ko risho.

Sai wanda muke kira silba, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. In ana maganar ƙarko zalla, a gidajenmu babu kamarsa. Ya faɗi ya tashi, yaro ya ja shi a ƙasa, a wanke a kife. An gano haɗinsa a garin Shafil na Ingila a 1913. Amma shi ma suna ya tara. Ki duba gindin kwanon ko bayan cokalin, in kin ga an buga 18/10 ko 18/8, wannan lamba tana nuna yawan sinadaran da aka haɗa don hana tsatsa, kuma shi ne mai kyau. In babu lamba, ki samo maganaɗisu, ko na tsohuwar rediyo ne, ki kara a gefen kwanon. Mai kyau ba ya kama shi sosai. Ki kuma ji nauyinsa, ki matsa bakinsa da yatsa. Wanda ya lotsa a hannunki ba zai kai baɗi ba. Abu ɗaya da silba ba ya so shi ne a bar gishiri ko miya mai gishiri ta daɗe a ciki, yakan yi ɗigo-ɗigo.

Tunda mun ambaci silba, kada sunan ya ruɗe mu. Wannan ƙarfe ne, ba azurfa ba, babu laifi a ci a cikinsa. Abin da addini ya hana, ga maza da mata baki ɗaya, shi ne ci da sha a kwanon zinariya ko na azurfa na ainihi, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ko a nan kaɗai mun ga cewa tsadar mazubin abinci tana da iyaka.

Kwanon fenti kuwa, irin su samira, ƙarfe ne aka lulluɓe da narkakken gilashi. Muddin fentin bai ɓantare ba, yana da tsabta, ba ya riƙe wari, yana shekaru. Da ya bugu ya ɓantare, nan tsatsa za ta kama, wata rana ki ga huda. Wanda cikinsa ya ɓantare a daina zuba abinci a ciki, a mayar da shi na awo ko na ajiyar busassun kaya.

Sai kula. Ita kyanta ba a fure yake ba, a ciki yake da kuma murfi. Ki zuba tafasasshen ruwa ki rufe, ki bar shi daga hantsi zuwa azahar. In kin buɗe ruwan na da zafi, bayan kular kuma bai ɗau zafi ba, to ta yi. Ki duba cikinta silba ne mai kauri, murfin yana zama daram, mariƙin ba ya rawa.

Na ƙarshe su ne farantan nan masu kama da tangaran amma marasa nauyi, waɗanda ba sa fashewa da wuri. Wata irin roba ce mai tauri, ana ce mata melamin. Suna da amfani ga yara da abinci mai sanyi ko mai ɗumi. Amma hukumar da ke tantance haɗarin abinci a Jamus ta yi gargaɗin cewa in zafi ya wuce digiri 70, sinadaran jikinsu kan fara zuba cikin abinci. Tuwon da aka kwashe yanzu daga tukunya ya wuce haka. Don haka a bar abinci ya ɗan huce, kada a sa su a na'urar ɗumama abinci, wanda ya kakkarce ko ya dushe kuma a yar.

Tunda mun shiga maganar lafiya, akwai wata da ta fi wannan. Wasu kwanukan laka masu arha da ba a san inda aka yi su ba, akan sa dalma a cikin shafen sheƙinsu ko a fentin adonsu, musamman ja da rawaya da ruwan lemo. Abinci mai tsami kamar kunun tsamiya, zoɓo, miyar yakuwa ko tumatir yana iya jawo dalmar nan ta shiga abinci, balle in ya kwana a ciki. Mu a Arewa mun san abin da dalma take yi. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara sanadiyyar gubar dalma. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake dakawa a cikin gidaje, ba daga kwano ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu. Ba ina cewa duk faranti mai fure guba ne ba. Ina cewa in za ki saya wa gidan da za a haifi yara, ki zaɓi wanda cikinsa fari ne sol, adon yana baki ko baya. In kin shafa zanen kin ji shi tudu-tudu a kan sheƙin, ko kin ga yana gogewa, ki bar shi.

To mun san kayan. Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci: wane gida za ki kai?

Ku dubi babban saitin nan da ake kira dina set. Turawa ne suka tsara shi don irin cin abincinsu: a kan tebur, kowa da farantinsa, a kawo romo a ɗauke, a kawo nama a ɗauke, a kawo kayan zaƙi. Shi ya sa za ki ga farantai shimfiɗaɗɗu kala uku, da 'yan kofunan shayi da ba su kai kurɓa huɗu ba, da ɗan mazubin madara, da wasu abubuwan da har ki tsufa ba za ki san aikinsu ba. Mu kuwa fa? Tuwo muke ci da miya, yana son kwano mai zurfi da murfi. Yara suna haɗuwa a tire ɗaya a kan tabarma. Abincin maigida yana jiransa har bayan isha'i, yana son kula. Ana kai wa baƙi zaure, ana aika wa maƙwabta, ana kai wa surukai, ana kai asibiti, kuma mu da muke cikin gida ba mu muke kaiwa ba, yaro ne zai ɗora a ka ya ruga. Wanke-wanke kuma 'yar shekara tara ce za ta tsuguna a bakin rariya ta yi. Ki faɗa mini, a cikin guda 60 ko 70 na wancan kwali, nawa ne za su shiga wannan hidima?

Abin da ke faruwa shi ne, matar gida ta buɗe kwalin ta yaba, ta jera a kabad ta kulle, ta ce sai baƙi. Baƙin su zo ta ji tsoron kada a fasa, ta zuba musu a na kullum. Shekara goma kayan suna nan, ba su fashe ba kam, amma ba su yi wa kowa aiki ba. Wannan ba ƙarko ba ne, zaman kabad ne.

Bari mu yi ɗan lissafi, da kuɗin misali kawai, kowa ta sa farashin garinsu. A ce kwanon roba naira 1,000 ne, duk shekara sai an sake. A shekara 10 an kashe 10,000. A ce na silba mai kyau 5,000 ne, ya yi shekara 10 ɗin nan ana ci kullum. Kun ga mai tsadar shi ne mai araha, don rabin kuɗin wancan ya ci. Yanzu a ce saitin tangaran 60,000 ne, ana fito da shi ƙaramar salla da babbar salla kaɗai. A shekara 10 an yi amfani da shi sau 20, kowane fitowa ya tashi a kan naira 3,000. To wannan shi ne ma'aunin: ki raba kuɗin kwano da yawan ranakun da za a ci a cikinsa.

Wata za ta ce, ai ko ba a ci ba dukiya ce, ana iya sayarwa. Haka ne, amma da sharaɗi. Saiti yana da daraja ne in yana cike. Faranti ɗaya ya fashe, dillaliya za ta karya kuɗin. Sannan yayi yana wucewa. Ku tambayi iyayenmu da suka tara samira har rufi, da yayin tangaran ya zo nawa aka taya? In ajiyar dukiya kike so ki yi wa 'yar'uwarki, abin da kowane gida ke nema kullum, kamar kula mai kyau ko manyan kwanukan silba, ya fi saurin samun mai saye.

Sai magana ta uku, wadda ba a cika faɗa a fili ba. Gudummawa a wajenmu biki ce, biki kuwa ana ramawa. Ranar tarewa akwai mai riƙe da littafi tana rubuta wance ta kawo kaza. Ranar da naki ya taso za a buɗe littafin nan, a wasu wurare ma har ninkawa ake yi. To in kika kai wa mace abin da ya fi ƙarfinta, kin faranta mata yau, kin kuma ɗora mata kaya. Ranar auren 'yarki ita ce za ta kwana ba barci, ko ta ci bashi, ko ta ƙi zuwa don kunya. Zumuncin da kika so ki ƙarfafa sai ya yi sanyi. Don haka ki auna aljihunta kamar yadda kika auna naki. In kuwa kina da hali kuma don Allah kika yi, to ki kai mata a keɓe, ba a tsakar taro ba, ki ce mata, "Wannan ba na littafi ba ne, tsakanina da ke ne."

Ke kuma mai bayarwa, kada ki ci bashi don kwano. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, duk kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, tangaran da gilashi da kuloli suna ciki. Kada ki taɓa jarin sana'arki, kada ki rage kuɗin cefane, kada ki ɗaga wa maigida hankali a kan sai kin fi wance. Kayan aro ba ya rufe katara. Taron zai watse kafin magariba, mai bin bashi kuwa za ta yi ta aiko yarinya har wata shida. In kin san tarewar na tafe, ki shiga adashi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. In abin da ya dace ya fi ƙarfinki ke kaɗai, ku haɗu ku uku ko huɗu, 'yan ɗaki ɗaya ko ƙawaye, ku sayi abu ɗaya na kirki. Ya fi kowa ta kawo 'yar robarta, a tashi da bokiti bakwai iri ɗaya.

Kafin ki saya kuma, ki tambaya. Ba abin kunya ba ne. In amarya ce, ki aika wa uwarta ko gwaggonta: "Yaya, me ya rage a kayan 'yar tamu?" Sau da yawa iyaye sun riga sun sayi na jere, abin da ya rage shi ne na aiki. In uwargida ce mai yara da za ta koma sabon gida, nata kwanukan sun sha jiki, za ta fi murna da tire babba, kwanukan tuwo da miya masu murfi, cokula masu nauyi dozin ɗaya, ko kula ta maigida. In gidan yawa ne, da kishiyoyi ko faccaloli da yara ashirin a tsakar gida, kayan fashewa rigima za su jawo, ki kai silba. In har yanzu haya za su shiga, ki tuna kowace ƙaura sai ta ci tangaran. Amma in gida ne na mutum biyu ko uku, suna ci a tebur, suna yawan baƙi, matar kuma kin san ta da tattali, to nan tangaran na ainihi ya dace. Ko a nan ɗin, farantai shida farare masu zurfi da kwanuka biyu masu murfi sun fi kwali guda na tarkace. Fari ba ya fita yayi, kuma in ɗaya ya fashe ana samun madadinsa a kasuwa.

Saura yadda za mu saya, tunda ba mu muke zuwa kasuwa ba. In dillaliya ce, ki ce ta bar miki kayan ki duba da rana, ba da dare ba. A buɗe kwali a gabanta, a fito da kowane ɗaya, a ƙirga, a shafa bakinsa da yatsa. Ki aiki ɗanki ko ƙaninki, ko ki roƙi maigida in ya bi ta Sabon Gari ko Kasuwar Wambai, ku na Kano ke nan, ya tambayo kuɗin irinsa, don ki san ribar da aka ɗora miki. Ita ma dillaliya nema take, a ba ta haƙƙinta, amma a san gaskiyar farashi. In kuma a waya kika gani, a WhatsApp ko Facebook, ki sani hoto yana ƙara wa kaya girma da kyau. Ki ce a ɗauko miki hoton gindin kwanon da tambarinsa, a aza shi kusa da hannu don ki ga girmansa, ku kuma yi magana tun farko a kan wa zai ɗauki asara in ya iso a fashe.

Ke kuma da aka kawo wa, ga naki. Duk abin da aka ba ki, babba ko ƙarami, ki karɓa da hannu biyu da sakin fuska. Wadda ta kawo miki ludayi da mara, wataƙila ta fi mai kwalin nan jin jiki kafin ta samu. Kada ki buɗe kayan mutane a gaban taro ana gwadawa. Sannan in Allah ya ba ki kwano mai kyau, ki ci a ciki. Ki zuba wa maigidanki, ki zuba wa kanki. Ba baƙo kaɗai ya cancanci faranti mai kyau ba. Ki koya wa yara yadda ake riƙe shi: a wanke a cikin baho ba a kan siminti ba, da soso mai laushi ba na ƙarfe ba, ɗaya bayan ɗaya. In ya fashe bayan ya yi shekaru yana aiki, ya biya kuɗinsa, kada ki doki yaro a kai.

To 'yan'uwa, in dillaliya ta sake buɗe muku kwali biyu, ku yi wa kanku tambayoyin nan kafin ku taya. Da me aka yi shi? A gidan da zan kai, za a ci a ciki ko kulle shi za a yi? Kuɗin nawa ne ko na mutane? Ita kuma za ta iya ramawa ba tare da ta wahala ba? In amsoshin sun yi daɗi, ki sayi mai kyau ko da guda biyu ne, kada ki ji tsoron kuɗinsa. In ba su yi ba, ki riƙi abin da ya sawwaƙa ki tafi da ƙafarki, ki taya ta shara da jere, ki yi mata addu'a. Zumunta a ƙafa take.

Masu tarewa a wannan mako, Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a, ya cika kwanukan da abinci na halal, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.